Katakon Da Ya Fi Ƙarfin Baba

Wata rana wani magidanci mai suna Nafi'u ya shiga kanti zai saya wa mahaifinsa kyauta.

Ba a ƙasar nan ba ne. Can ne wata ƙasar Turawa mai duwatsu, inda ƙanƙara ke zubowa daga sama kamar garin rogo, ta rufe ƙasa wata da watanni.

Ku bari in fara gaya muku ko wane ne uban. In ba ku san shi ba, ba za ku gane girman ɓarnar ba.

Malam Haladu mutumin Kazaure ne. Karatun aikin ruwa ya kai shi can yana saurayi, aiki ya riƙe shi. Ya zo gida ya yi aure ya koma da matarsa. A can ya haifi Nafi'u, ɗan fari, da Saudatu, auta. A can kuma ya binne uwarsu.

Mutanen ƙasar suna da wani wasa na lokacin sanyi. Katako biyu ne dogaye sirara. Mutum ya maƙale takalminsa a kai, ya riƙe sanda biyu, ya hau dutse ya sulalo a kan ƙanƙara. Su can, siki suke ce wa katakon. Mu da muna yara sulu muke ce wa irin wannan, kuma dukanmu ake yi a kai.

Ni dai ban ga abin sha'awa ba. Amma ba a ce haram ne ba, kuma bai taɓa hana shi salla ba.

Malam Haladu ya koya tun yana da ƙarfi. Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, wasan nan shi ne ya rage masa.

In ya karya kumallo sai ya saɓa katakonsa ya tafi wani ɗan tudu marar tsini, inda yara masu koyo da tsofaffi suke zuwa. Ba gudu yake yi ba. A hankali yake gangarowa, ya karkata dama, ya karkata hagu, kamar mai bin hanyar shanu. Yana da 'yan'uwansa tsofaffi da suke shan shayi tare a gindin tudun. Ya dawo gida da yunwa, ya ci abinci, ya yi barci.

Abin da ke fitar da shi daga ɗaki ke nan. In ka cire wannan, babu saura sai kujera da taga.

Katakon nasa ya tsufa. Fentin ya koɗe, duk jikinsa zane ne. Gajere ne, iyakarsa haɓarsa in ya tsayar da shi, kuma ya yi laushi don aiki.

Wata Asabar Nafi'u ya je ɗaukarsa a mota. Ya hango mahaifinsa tafe cikin mutane, kowa da kayansa masu walƙiya, shi kuwa da wannan koɗaɗɗen abu a kafaɗa.

Ran Nafi'u ya ɓaci.

Ya ce a zuciyarsa, sai ka ce mutumin da bai haifu ba.

Nafi'u ba mugun ɗa ba ne, kada ku ce na ce. A can aka haife shi, amma tarbiyyar gida aka yi masa. Bai taɓa zama a kujera ɗaya da mahaifinsa ba. Bai taɓa haɗa ido da shi ba. Shi ma uban bai taɓa kiran sunansa ba, Magaji yake ce masa, don kunyar ɗan fari. Gaisuwa ce tsakaninsu, sai albarka.

To, ya shiga kanti.

Yarinyar kantin ta tare shi da fara'a. Ta ce wa za a saya wa? Ya ce mahaifinsa.

Ta tambayi tsawonsa. Ya nuna daidai kunnensa.

Ta tambayi nauyinsa.

Nan Nafi'u ya yi turus. Wa ke tambayar uba nauyinsa? Sai ya tuna mutumin da yake ɗora shi a wuya ya hau bene da shi ba tare da ya yi haki ba. Nauyin wancan mutumin ya faɗa mata. Bai lura ba rigunan Malam Haladu sun daɗe da yi masa yawa.

Ta tambayi shekaru. Ya ce dattijo ne. Bai ƙara ba.

Ta shiga ciki ta fito da katako biyu gajeru. Ta ce waɗannan ba su da nauyi, suna da laushi, da ka ɗan karkata sai su bi ka. Ta ce masu shekaru suna jin daɗinsu ƙwarai.

Nafi'u ya karɓa ya jinjina a hannu. Sakayau, kamar ludayin duma.

Ya ji kamar an mare shi.

Mu a wurinmu ba a rage wa babba. In za ka ɗinka wa uba riga, sai a ƙara yadi. In za ka saya masa ragon layya, kai ne za ka ɗaga ƙirjin ragon ka ji nauyi, ka zaɓi wanda ya fi. Gajeren abu na yaro ne. Marar nauyi na marar galihu ne. Da wannan idon Nafi'u ya dubi katakon.

Ya ɗaga kai ya hango wasu jingine a bango, baƙaƙe masu jan layi, sun fi shi tsawo. Ya ce a sauko da su. Ya jinjina, ya ji hannunsa ya amsa.

Ya ce waɗannan.

Yarinyar ta ce waɗannan na masu tsere ne. Ba sa lanƙwasuwa sai an danne su da ƙarfin cinya, ba sa juyawa sai ana gudu.

Ita gargaɗi take yi. Shi yabo ya ji.

Ta dube shi ta ce, "Shi mai hawan, yaya yake tafiya a kai yanzu? A hankali ko da gudu?"

Nafi'u ya ce, "Mahaifina ne."

Ta ce, "Na ji. Ƙafarsa nake tambaya."

Ya ce, "Naɗe mini su."

Ta ce ko zai kira shi a waya su tambaye shi? Ya ce kyauta ce, ba a shawara da mai ita.

Bai shawarci Saudatu ba ma. Yaya ba ya neman shawarar auta.

Ya yi wani abin kuma, wanda dukanmu mun san shi. In ka kawo wa tsoho sabuwar riga ka bar masa tsohuwar, sabuwar adaka za ta shiga har asu ya cinye ta. Don haka tun kafin ranar kai kyautar, sai ya bi ta ɗakin ajiyar gidan mahaifinsa ya zare tsohon katakon ya sa a mota. Washegari ya kai inda ake tara kayan sadaka.

Ranar da ya gabatar da kyautar Saudatu tana gidan, tana yanka wa Baba lemo.

Ta ga ya shigo da su yana sunkuyar da su a bakin ƙofa. Ta ajiye wuƙar.

"Yaya, katakon wasa ne wannan ko azarar ɗaki?"

"Ke, rufe mana baki."

"Baba, in ka gama da su ka ba ni in kafa rumfa."

Malam Haladu bai yi dariya ba. Ya miƙe ya tsayar da guda a gefensa. Kan katakon ya wuce hularsa. Ya danna tsakiyarsa da tafin hannu, bai motsa ba. Ya daɗe yana shafa jan layin nan.

Nafi'u yana durƙushe, kansa a ƙasa. Shi ya sa bai ga fuskar mahaifinsa ba.

"Allah ya yi albarka, Magaji. Allah ya ba ka masu yi maka."

"Amin, Baba."

Tsohon ya juya wajen 'yarsa. "Auta, duba mini tsofaffin nan a ɗakin ajiya."

Nafi'u ya ce, "An yi sadaka da su, Baba."

"To. Allah ya karɓa."

Nafi'u ya koma gida ranar zuciyarsa fari ƙal. Har ya gaya wa matarsa yau ya fitar da Baba kunya.

Bayan kwana biyu ya kira a waya.

"Baba, kun gwada?"

"Na gwada."

"Lafiya dai?"

"Katako lafiya lau. Ƙafa ce ta fara aiko da gaisuwa."

Nafi'u ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Bai sake tambaya ba.

Sanyin shekarar ya wuce. In ya je gaisuwa sai ya tarar da tsohon a kujera gaban taga, rediyo a cinya. Katakon yana bayan ƙofa, yana walƙiya kamar ranar da aka saye shi.

Wani sanyin ya zo ya wuce. Cikin Malam Haladu ya fito, ƙafafunsa suka motse. Gwiwa ta sanƙare har ya koma salla a zaune. Abinci sai an yi da gaske. Sandar wasan nan guda ta zama sandar dogarawa zuwa banɗaki.

Nafi'u ya ce shekaru ne.

Kai, har wani sanyi ya ji a ransa. Ya ce dama wasan bai dace da dattijo ba, gara da ya bari don kansa.

Ran nan da rana tsaka Saudatu ta faɗo gidansa. Ko mayafi ba ta cire ba.

"Yaya, kana da labarin abin da azararka ta yi?"

"Ke wai yaushe za ki yi hankali?"

"Yau na yi."

A kantin magani ta haɗu da wani tsohon Bature, cikin masu shan shayi da Baba. Ya gane ta, ya tambaye ta ko Haladu ya warware tun daga abin nan.

Ta ce wane abu?

Shi ne ya ba ta labari.

Ranar farko da Malam Haladu ya hau sabon katakon, ya karkata, katako ya ƙi bin sa. Ya miƙe da shi ɗoɗar, gudu yana ƙaruwa, ga yara masu koyo jere a gabansa. Da ya ga zai haye 'yar wani, sai ya kayar da kansa da gangan. Ya gangara a kan kafaɗa har bakin ragar da aka kafa a gefen tudun.

Ya tashi ya kakkaɓe, ya ce laifinsa ne. Washegari ya dawo. Ya sake dawowa. Kullum ƙasa.

A faɗuwar ƙarshe kasa tashi ya yi. Ma'aikatan wurin suka kwantar da shi a wani abin ja, suka lulluɓe shi, suka sauko da shi mutane suna kallo.

Abokansa suka ce, Haladu, wannan ba katakonka ba ne, na samari ne. Guda ya ce yana da gajeru a gida da ba ya amfani da su, ya zo ya ɗauka. Wata ta ce ya mayar kantin a canza masa.

Ya ce a'a. Ɗansa ne ya saya. In ɗan ya zo ɗaukarsa ya gan shi a kan wasu, me zai ce masa?

Saudatu ta gama tana share hawaye da gefen mayafi.

"Ni ma ban tambaye shi ba, Yaya. Tsokana kawai na iya."

Nafi'u ya ɗauki makullin mota.

Ya tarar da tsohon inda yake kullum. Ya zauna a ƙasa gefen kujerar. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki. Gaisuwa ta ƙare. Nan ne ya saba tashi.

Bai tashi ba.

Ya ɗaga kai ya dubi fuskar mahaifinsa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Ya ga kumatu sun faɗa. Ya ga wuyan rigar yana lilo. Wannan ba mutumin da ya kwatanta a kanti ba ne.

"Baba, me ya sa ba ku faɗa mini sun fi ƙarfinku ba?"

Tsohon ya rage muryar rediyo.

"Auta ce ko?"

"Ita ce."

"Bakinta kamar ƙofar kasuwa."

Sannan ya ce, "Magaji, wanda ka saya wa katakon nan na san shi. Jarumi ne. Ya daɗe da tafiya. Na ga kai ba ka da labari, ni kuwa ban so ya zama daga bakina za ka ji rasuwarsa ba."

Nafi'u ya kifa kai a hannun kujera.

Tsohon bai taɓa shi ba. Ya dai bar hannunsa kusa da kan, har Nafi'u ya gama kuka.

Da ƙanƙara ta sake sauka, Nafi'u ya ɗauki mahaifinsa suka tafi kanti tare. Wani saurayi suka tarar. Ya yi tambayoyinsa, Malam Haladu ya amsa da bakinsa, ba kunya ba ɓoye-ɓoye. Ya faɗi nauyinsa. Ya faɗi shekarunsa. Ya ce gwiwar hagu ba ta da amana.

Da aka zo kan yadda yake tafiya, sai ya ce, "Kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai."

Saurayin ya yi dariya. Nafi'u bai yi ba. Duk amsoshin nan a bakin tsohon suke tun farko, ba kuɗi ake biya a ji su ba.

Aka kawo gajeru masu laushi. Malam Haladu ya danna guda da tafin hannu, ya lanƙwasa ya dawo. Fuskarsa ta washe.

"Yawwa. Waɗannan suna jin magana."

Suka tafi tudun su uku. Tsofaffin masu shayi suka taso suna rungumarsa, an rasa biyu a cikinsu tun bayan rabonsa da wurin. Nafi'u ya durƙusa a ƙanƙara ya maƙala masa takalmi da hannunsa.

Tsohon ya miƙe a kai. Ya tura da sanda a wuri mai faɗi, ya ɗan sulala. Ya karkata, katako ya bi shi.

Saudatu ta ce, "Ka gani, Baba? Tsohon hannu."

Ya sake turawa. Sai cinyoyinsa suka kama rawa. Ya tsaya ya dogara da sandunan biyu yana numfashi. Ya huta, ya sake gwadawa. Ko tsawon tabarma biyu bai yi ba gwiwar ta lanƙwashe, Nafi'u ya tare shi ta baya.

Katakon daidai ne. Ƙafar ce babu. Zaman kujera ya cinye ta.

Ya daɗe tsaye a jikin ɗansa yana kallon gangaren.

"Cire mini, Magaji."

"Baba, mu huta tukuna, ko gobe..."

"Cire mini. Katako bai yi laifi ba. Da bara waccan ya zo, da mun yi zumunci."

Nafi'u ya cire.

Akwai wasu kujeru da ke rataye a waya, su ne ke kai mutane saman dutse. Malam Haladu ya ce yana so ya ga saman sau ɗaya. Aka roƙi masu wurin, suka yarda.

Suka hau shi da Nafi'u, kafaɗa da kafaɗa, don kujerar ba ta da ƙasa da sama.

A can sama kowa sauka yake yi ya sulale da ƙafarsa. Su ba su sauka ba. Kujerar ta zagayo da su, ta kamo hanyar ƙasa.

Duk layin nan su kaɗai ne masu saukowa a zaune. Masu hawa suna wuce su fuska da fuska, yara suna leƙensu. A ƙarƙashinsu mutane suna gangarawa, dama, hagu.

Nafi'u ya dubi ƙasa sai ya ga ƙafafun mahaifinsa a iska suna karkata tare, dama, hagu, suna bin masu gangarawa.

Daga ranar bai sake zuwa tudun ba.

Darasi:

Ba duk babban abu ne girmamawa ba. Ragon layya ake zaɓa da nauyi, ba abin da tsoho zai ɗora ƙafarsa a kai ba.

Ku 'ya'yan yanzu kuna saya wa iyayenku abin da zai fitar da ku kunya, ba abin da zai yi musu amfani ba. Ku kawo waya mai shafe-shafe ku karɓe mai maɓallin da tsohuwa ta haddace. Ku kawo gado mai tsawo wanda sai an ɗaga ta. Sannan ku kwashe tsohon ku bayar, ku ce sadaka. Sadaka da kayan wani ba sadaka ba ce.

Kada albarkar da aka sa muku ta ruɗe ku. Uba zai sa albarka ko ƙaya ka miƙa masa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, iyayenku sun iya haɗiye abin da ya fi wannan.

Kunya ado ce, ni ma da ita aka raine ni, kuma ban ce a yar ba. Amma kunyar da za ta hana ka ɗaga kai ka ga mahaifinka ya tsufa, ba ladabi ba ce, makanta ce.

Ka dube shi. Ka tambaye shi. In ba za ka iya ba, ka aika auta.

Ku iyaye kuma ban ƙyale ku ba. In abu ya fi ƙarfinku ku faɗa. Ɓacin ran yaro na yini guda ne. Ƙafa in ta tafi ba ta dawowa.

Wanda yake da tsoho a raye, ya tura wa 'yan'uwansa wannan kafin a haɗa kuɗin kyauta ta gaba. Ku fara da babban yayanku, shi ne ba ya tambaya.